Yaran Siriya a Jamus da wayoyinsu

A shekarar 2015 masu neman mafaka kusan 890,000 suka shiga Jamus, da yawansu 'yan Siriya. Yaran da suka iso a goye yanzu sun tasa. Yarinya za ta tura wa ƙawarta ta aji saƙo da Jamusanci, ta juya ta rubuta wa ɗan uwanta Larabci da haruffan boko, tana sa 3 a wurin ainun, 7 a wurin ha, sannan ta aika wa kakarta a birnin Halab na Siriya saƙon murya ta WhatsApp, domin tsohuwa ba ta iya karanta irin wannan rubutu ba. Akwai masu ganin wannan lalata harshe ne. Ni kam gwaninta nake gani. Damuwata dabam ce. Yaron da iyaye suka mai da tafinta shi ke ɗaukar hoton wasiƙar Jobcenter, ofishin kula da marasa aikin yi, ya fassara musu, shi ke tace jita-jitar TikTok kan takardar izinin zama. Wa ya koya masa gane ƙanzon kurege? A makaranta nahawun Jamusanci ake gwada shi, ba wannan aikin ba.