Malam Manomi, Bar wa Rafi Gefensa

Malam manomi, idan gonarka tana bakin rafi a yankin Minna, to amanar da ke hannunka ta wuce ta iyalinka kaɗai. Ruwan famfon da jama'ar gari ke sha yana fitowa ne daga kogin Chanchaga da madatsun ruwa na Tagwai da Bosso, su kuwa ƙananan rafukan da ke ratsa gonakinku ne ke ciyar da su. Shawarata ita ce ka daina kai garma har gaɓar ruwa. Ka bar taku goma zuwa ashirin ga itatuwa da ciyawa.

Ga dalili. Ruwan sama a wannan yanki yakan haura milimita 1,000 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Idan ya faɗi a kan ƙasar da aka share, sai ya kwashe ƙasar sama mai albarka tare da takin da ka saya da tsada, ya zuba su a rafi. Laka ta taru a madatsa, ruwan da take riƙewa ya ragu, kai kuma zaizaya ta fara cin gonarka. Amma inda aka bar ɓaure da kanya da gamba, saiwoyinsu na riƙe gaɓa, suna rage gudun ruwa har ya nutse cikin ƙasa. Wannan ruwa da ya nutse shi ne ke raya fadamarka da rijiyarka da rani.

Haka nan wannan ɗan kurmi gida ne ga halittun da ke yi maka aiki kyauta. Ƙudan zuma na taimaka wa furen kaɗanya ya yi 'ya'ya, mujiya na farautar ɓeraye, tsuntsaye na tsince tsutsa. Gandun dajin Kainji da aka kafa a 1979 ya ba manyan namun daji mafaka a Borgu da Zugurma, amma waɗannan ƙananan ba su da mafaka sai wadda ka bar musu.

Za ka ce ƙasar noma ta yi ƙaranci, kuma daji ya zama maɓoyar ɓarayi. Gaskiya ne, musamman ga waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu a Shiroro da Munya. Sai dai taku ashirin ba zai ɓoye ɗan bindiga ba, kuma gefen da ka bari ba asara ba ne. Daga nan za ka sami kaɗe da kalwa da zuma da harawar dabbobi.

Don haka kada ka sayar wa masu gawayi itacen bakin rafi, kada ka cinna masa wuta da kaka. Inda gaɓa ta riga ta zube, dasa jema a jere a farkon damina. Ku zauna da mai unguwa da malamin gona ku yanke wannan shawara tare, domin rafi ɗaya ne ya haɗa ku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.