Wa Ya Ce Waƙa Ba Ta Da Mai Ita?

A kasuwannin ƙasar Matameye, har da ta Dungu, ba a rasa rumfar mai tura finafinai. Kwamfuta ɗaya gare shi, ya cika maka memori da finafinan Kano da waƙoƙi a kan ƴan daloli. Shi kuwa daga intanet ya kwaso, ko wani ya turo masa ta WhatsApp ko Telegram. Wanda ya sayar da filinsa ya shirya fim ɗin bai san an yi cinikin ba.

Wasu masu ilimin boko sun tashi kare wannan ɗabi'a. Wai rabawa al'adarmu ce, wai haƙƙin mallaka baƙon abu ne da Turawa suka ƙulla a Berne a 1886. Wace al'ada suke nufi? Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya taɓa yin waƙa don a tafa masa kawai? Riguna aka ba shi, da dawaki, da motoci. Ko a dandalin ƙauye, wanda kalangu ya motsa shi yakan sa hannu aljihu ya yi liƙi; mai sauraro ya zame ba ya ba da komai, kowa ya san sunansa. Kunyar nan ce waya ta kashe, domin mai kallo a ɗaki ba idon da ke kansa.

Ga kuma abin da aka girba. Sana'ar da ta fara da *Turmin Danya* a 1990, ta bunƙasa da *Sangaya*, ta ciyar da ƴan kasuwar Ƙofar Wambai, cinikin faifanta ya durƙushe. Masu shirya finafinai sun koma YouTube da masu dogon zango irin *Izzar So*, suna jiran kuɗin talla daga kamfanin Amurka. Wannan ne ƴancin da ake mana wa'azinsa?

Su ma furodusoshin Kano da sauran laifinsu. Shekara da shekaru Nijar na kallonsu, ba su taɓa buɗe ƙofar da mutumin Dungu zai biya da sefarsa cikin sauƙi ba. Nijeriya ta sabunta dokarta a 2023, amma ikonta ya tsaya a Kongolam, fim kuwa ya wuce Ɗan Barto ba ko fasfo. Hukumar BNDA tana Yamai. Ƙasashen biyu duk suna cikin yarjejeniyar Berne. Me ya hana a yi wa masu rumfunan nan rajista, su riƙa biyan wani kaso duk wata, a miƙa wa masu aikin?