Mai Shagon Waya Ya Fara Rubuta Abin da Bai Sayar Ba

Yawancin masu shagon waya a Anka, Gummi da Bukkuyum suna da littafin ciniki, wasu kuma POS ce ke riƙe musu lissafi. Amma dukansu abin da aka saya kawai suke nunawa. Wanda ya tambayi fawa bank bai samu ba ya juya, da wanda ya zo neman Tecno ya tafi da Itel saboda kuɗinsa bai kai ba, babu inda aka rubuta su. A nan ciniki yake zubewa.

Akwai ilimin da ya tsaya kan wannan matsala. Daniel McFadden, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya samu kyautar Nobel a 2000 saboda hanyar lissafa yadda mutum ke zaɓar abu ɗaya cikin da yawa. A taƙaice, ana ba kowane kaya maki gwargwadon farashinsa da amfaninsa, kamar ƙarfin batir ko girman ma'adana, sannan a ƙiyasta mutum nawa cikin goma za su ɗauke shi idan an jera shi da sauran. Babban darasin shi ne cinikin kaya ya dogara da abin da ke gefensa. Idan wayar da aka fi nema ta ƙare, wasu za su ɗauki mai bi mata, wasu kuwa shagon gaba za su wuce.

A ce mai shago ya ga Itel ta fi tafiya a wata guda, sai ya cika shago da ita. Alhali wataƙila rabin waɗanda suka saye ta Tecno suka zo nema, ba su tarar ba. Jarinsa ya kwanta, ga shi komawa sari Gusau ko kasuwar Farm Centre ta Kano akwai kuɗin mota, akwai fargabar hanya.

Manhajar da aka gina da bayanan Legas ba za ta gane wannan kasuwa ba. A nan kuɗi yana shigowa ne bayan kaka, ko lokacin da masu haƙar zinare suka samu. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. A farkon 2023 kuma takardun naira suka yi wuya. Cinikin irin waɗannan watanni ba ma'auni ba ne na abin da mutane ke so.

Maganin yana cikin aljihu. Google Sheets ko Excel na waya sun isa. Layi biyar ake buƙata: rana, abin da aka tambaya, farashin da aka faɗa, abin da aka saya a madadinsa, da ko mutum ya tafi hannu wofi. Bayan wata biyu mai shago zai ga kayan da ake yawan rasawa, da farashin da mutane ke fara juyawa a kansa. Wanda kullum ake tayawa a fasa, farashinsa ne ke buƙatar gyara. Wanda ake tambaya babu, shi za a fara sarowa.

Matasan da ke koyon rubuta manhaja a yankin ga aiki nan: ƙaramar manhaja da Hausa, mai aiki ko babu intanet, wadda yaron shago zai danna sau biyu kafin wani mai saye ya shigo.