Lasisin manhaja: Yadda ƙidayar ƙwayoyin firosesa ta zama sabon haraji a ofisoshi

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Masu kwamfutoci da dama da suka nemi komawa Windows 11 sun tarar ƙofa a rufe, ba domin na'urorinsu sun lalace ba, sai don ƙwaƙwalwar da ke cikinsu, wato firosesa, ba ta cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su. Wannan ya fito da wani al'amari da ya daɗe yana tafiya a ɓoye: a yau firosesa ce ke yanke hukunci kan manhajar da mutum zai iya amfani da ita, da kuma kuɗin da zai biya.

Kafin shekarar 2005, firosesar kwamfutar gida tana da ma'aikaci guda ne a cikinta. Da masu ƙira suka ga ƙara mata gudu yana haifar da zafi da cin wutar da ya wuce kima, sai suka koma cusa ma'aikata biyu ko fiye a cikin gida ɗaya, tamkar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu. Kowace ƙwaya tana iya gudanar da nata aikin. IBM ya fara da POWER4 a 2001, sannan Intel da AMD suka kawo fasahar kasuwar jama'a a 2005.

Nan take tambaya ta taso: shin ɓawon za a ƙirga wajen sayar da lasisi, ko ƙwayoyin? A watan Oktoban 2004 Microsoft ya sanar cewa zai ci gaba da ƙirga firosesa a matsayin guda, komai yawan ƙwayoyinta. Ga kwamfutocin gida da na tebur, haka abin yake har yanzu. Windows Home na karɓar firosesa ɗaya, Pro na karɓar biyu, kuma ba a ƙara wa mai laftof ko kwabo don ƙwayoyinsa sun kai takwas.

Inda labari ya sha bamban shi ne manyan kwamfutocin da ake kira saba, waɗanda bankuna da ma'aikatu da jami'o'i ke ajiye bayanai a kansu. Microsoft ya fara ƙidayar ƙwayoyi da SQL Server 2012, sannan ya faɗaɗa ta zuwa Windows Server 2016. A ƙa'idar, dole a sayi lasisin aƙalla ƙwayoyi 8 ga kowace firosesa, da aƙalla 16 ga kowace saba, ko da ƙwayoyin da ke cikinta ba su kai haka ba.

Lissafin a fili yake. Saba mai firosesa biyu, kowace da ƙwayoyi 8, tana biyan mafi ƙarancin farashi. Amma AMD ya fitar da EPYC mai ƙwayoyi 64 a 2019, mai 96 a 2022, sannan mai 192 a 2024. Ma'aikatar da ta sayi saba mai firosesa biyu masu ƙwayoyi 64 za ta biya lasisin ƙwayoyi 128, wato ninki takwas na mafi ƙarancin farashi, ko da rabinsu zaman kashe wando suke yi.

Ba Microsoft kaɗai ba ne. Oracle ya daɗe yana ninka adadin ƙwayoyi da wani ma'auni, wanda ga firosesar Intel da AMD ya kama rabi. VMware, mai manhajar raba saba ɗaya ta yi aikin sabobi da yawa, ya ƙayyade lasisi guda ga ƙwayoyi 32 a 2020. Bayan Broadcom ya saye shi a Nuwamban 2023, sai ya soke sayen lasisi na dindindin, ya koma haya a kan kowace ƙwaya, da mafi ƙarancin 16 ga kowace firosesa.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Saba ɗaya a yau tana yin aikin da goma ke yi a da. Da an ci gaba da ƙirga ɓawo, da kuɗin shigarsu ya riƙa raguwa alhali amfanin da ake samu daga manhajarsu ƙaruwa yake yi. Sai dai wannan hujja ba ta amsa kukan wanda aka tilasta wa biyan ƙwayoyi 16 alhali 8 gare shi ba, ko wanda ya saba mallaka aka mayar da shi ɗan haya.

Ga Najeriya, nauyin ninki biyu ne, domin farashin waɗannan lasisi da dala ake yanka shi. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Hukumar da ta yi kasafin sabunta lasisi da tsohon lissafi ta gamu da hauhawa daga ɓangare biyu, na ƙwayoyi da na canji.

Ɗan kasuwa ma bai tsira ba. Windows 11 na neman ƙwayoyi aƙalla biyu, da guntun tsaro na TPM 2.0, da firosesar Intel daga zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan da aka yi wa sassauci. Da dama daga cikin kwamfutocin da ake shigowa da su na hannu sun girmi wannan iyaka. Ƙarin wa'adin tsaro ga kamfanoni ya fara ne daga dala 61 kan kowace na'ura, kuma yana ninkuwa duk shekara har tsawon shekaru uku.

Mafita tana farawa ne daga teburin jami'in sayayya. Kafin a sa hannu kan kwangilar saba, a fara lissafa lasisin shekaru biyar, sannan a zaɓi na'ura. Sau da yawa firosesa mai ƙwayoyi kaɗan masu gudu ta fi araha a jimlace. Inda aiki ya ba da dama, manhajojin Linux irin su Debian da Ubuntu ba sa ƙirga ƙwaya, ko da yake suna buƙatar ma'aikatan da aka horar. Shi kuwa mai sayen laftof na hannu, ya tambayi zubin firosesar kafin ya tambayi farashi, domin araha ba ta ado idan manhajar da ke kai ta daina samun kariya.