Ma'aunin Shugaba Yana Makarantar Garinsa

Sharhinmu na yau a kan shugabanci ne da makarantun firamare na karkara.

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci na jihar Kano, gona manne take da gona, ba a barin saura. Fili ɗaya ake nomawa kowace damina da ƙarfin taki, kuma duk rabon gado sai ya ƙara tsukewa. Gonar da ta ci da kaka ba za ta ci da jikoki goma ba. Ilimi da sana'a ne za su riƙe waɗanda ƙasa ta yi wa kaɗan, shi ya sa makarantar gari ta zama maganar rayuwa. Amma mun saba auna liman da girman masallacinsa, fasto da yawan masu zuwa sujada, dagaci da yawan 'yan rakiya. Ni a ganina shugaban da ya ci nasara shi ne wanda yaran garinsa suke iya karatu da rubutu. Mai ƙaunar jama'a da gaske zai hau mumbari ya gaya musu abin da ba sa son ji: ajin da iska ta yaye wa kwano na 'ya'yansu ne, kuma gyaransa yana bukatar hannunsu.

Wani zai ce ai gwamnati ta ce ilimi kyauta ne. Gaskiya ne. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, kuma tun 2004 dokar UBE ta ɗora wa hukuma nauyin ilimin matakin farko. Albashin malamai da gina azuzuwa haƙƙi ne a wuyan gwamnati, babu mai sauke mata shi. Sai dai yaron da ke aji uku bana ba zai dakata da girma ya jira kasafin kuɗin baɗi ba. Alli da tabarma da gyaran ƙofa da randar ruwa ba su fi ƙarfin gari ba. Kuma garin da ya zuba guminsa a makaranta shi ne yake da bakin tambayar sakataren ilimi dalilin da malami bai zo aiki ba.

Wani kuma zai ce wannan haraji ne aka sauya wa riga. Tsoron nan yana da tushe. Dattawanmu ba su manta da yadda ake kama talaka a kan haraji da jangali ba, kafin Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Abin da ya sa harajin nan ya zama zalunci shi ne tilas, da wulaƙanci, da rashin sanin inda kuɗin ya tafi. To, a kauce wa ukun nan. Jama'a da kansu su yanke abin da za su iya, kwanon gero ko dawa a lokacin kaka, wanda ba shi da hali ya ba da ƙarfinsa a aikin gayya. Kada a kori yaro ko ɗaya daga aji don ubansa bai biya ba. Kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye maza da mata, shi zai riƙe asusu, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a ƙarshen kowane zango.

A nan ne aikin liman da fasto yake. Ba su za su riƙe kuɗi ba. Su ne za su fara bayarwa, su sa 'ya'yansu a wannan makaranta, su tsaya kai da fata sai an karanta lissafi. Kafin a kammala girbin bana, kowane mai unguwa ya tara jama'arsa a harabar makaranta, a ga ɓarnar da ido, a rubuta wadda za a kai wa ƙaramar hukuma, a raba wadda gari zai ɗauka.