Alƙaryar Fim ta Kofa da Makomar Wasan Kwaikwayo a Gidajenmu

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta bayyana niyyarta ta gina alƙaryar shirya fina-finai a garin Kofa cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, watau garin su Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji a Majalisar Wakilai. An ƙiyasta aikin zai ci Naira miliyan 3,000, zai kuma ƙunshi wurin koyar da ɗaukar hoto, da ɗakin taro, da masaukin ɗalibai. Malamai da dama suka tashi haiƙan a kan mumbari suna cewa wurin zai zama matattarar ɓata tarbiyya, kafin watan Yuli ya ƙare kuwa sai gwamnati ta janye maganar.

Tsoron da malaman suka nuna ba abin rainawa ba ne, domin wanda ya haifa shi ya san ciwon tarbiyya. Amma abin tambaya shi ne: da aka hana ginin, an hana wasan shiga gida? Ko kusa.

Wasan kwaikwayo tsohon baƙo ne a gidan Bahaushe. A shekarun 1970 da 1980 magidanci da iyalinsa, har da yaran maƙwabta, sukan taru gaban talabijin su kalli Samanja Mazan Fama, da Karkuzu, da Ƙasimu Yero, a yi dariya a kuma ɗauki darasi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da ake sarar kaset, daga baya kuma faifai, zuwa ƙauyuka. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sa barkwanci ya zama abincin kowane gida. Labaran kuwa namu ne na yau da kullum: kishi, auren dole, rabon gado, da zaman uwar miji da matar ɗa.

A wancan zamani akwatin kallo ɗaya ne, a tsakar gida yake, maigida na iya kashe shi. Yanzu wasanni masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suna isa ta YouTube, ko kuwa yaro ya kai wayarsa shagon masu tura fim a cika masa da kuɗi kaɗan, ya kalla shi kaɗai cikin ɗaki. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da wasanni 22 a watan Mayun 2025 saboda rashin kawo su a tace. Wannan ya nuna hukumar tana aikinta, amma almakashi yana rage mummuna ne kawai, ba ya haifar da kyakkyawa.

Kyakkyawan wasa daga ilmi yake fitowa: marubucin da ya san al'ada da addini, da darektan da ya san dariya ba sai da batsa ba. Irin wannan horo ne ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ta yi asararsa, tare da aikin yi ga samarinta, alhali kuwa Allah ya hore mata wurare irin su Dam ɗin Tiga da Dajin Falgore waɗanda suka dace da ɗaukar fim.

Kuskuren 2016 shi ne an yi aski a bayan mai kai, ba a zauna da malamai da sarakuna ba tun farko. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da ta Tarayya su sake duba batun, a sa malamai da iyaye cikin masu tsara manhaja da dokokin wurin. Tun da dai wasan ba zai bar gidajenmu ba, gara mu san wanda ya koyar da mai yin sa.