Wa zai sake miƙa makaminsa bayan Gaddafi?

Duk lokacin da batun nukiliyar Iran ya taso, masu sharhi kan rabu gida biyu: masu cewa sai da bulala, da masu cewa sai da lalama. Ni kuwa hankalina Libiya yake komawa, domin a can aka gwada hanyoyin biyu a kan mutum ɗaya, kuma duniya ta ga yadda aka ƙare.

A ranar 19 ga Disamba, 2003, gwamnatin Mu'ammar Gaddafi ta sanar da cewa ta yi watsi da shirinta na ƙera makaman ƙare-dangi. Kwana shida ke nan da sojojin Amurka suka zaƙulo Saddam Hussaini daga cikin rami a kusa da Tikrit. Nan da nan mutanen Shugaba Bush suka ce ai ga amfanin yaƙin Iraƙi: Gaddafi ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Ba zan ce tsoro bai yi aiki ba. A watan Oktoba na wannan shekara an tare wani jirgin ruwa da ke kan hanyarsa ta zuwa Libiya, aka karkatar da shi zuwa tashar Taranto ta Italiya, aka tarar da sassan injinan tace yuraniyam da suka fito daga hannun dillalan Abdul Qadeer Khan na Pakistan. Asiri ya tonu, babu sauran musu. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin labari. Tun 1999 Libiya ta miƙa mutum biyu da ake zargi da tarwatsa jirgin sama a Lockerbie, kuma a watan Agusta na 2003 ta amince ta biya diyyar dala biliyan 2.7. Takunkumi ya gallabi ƙasar, harkar man feturinta tana buƙatar jari da kayan aiki. Gaddafi ciniki ya yi: ya ba da injinan, aka kwashe su zuwa Amurka a 2004, shi kuma aka buɗe masa ƙofa. A 2006 Amurka ta maido da cikakkiyar hulɗar jakadanci da Libiya. Abin da ya ɗauka ya saya shi ne tabbacin cewa ba za a nemi kujerarsa ba.

Shekara bakwai da 'yan watanni bayan sanarwar, a watan Maris na 2011, jiragen ƙasashen NATO suka fara ruwan bama-bamai a Libiya bisa ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu, wanda ya ba da izinin kare fararen hula. A ranar 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte. Ba ina wanke shi ba ne. Zaluncin da ya yi wa mutanensa sananne ne. Mu ma a wannan yanki mun ɗanɗana kuɗarmu, domin makaman rumbunansa sun watsu cikin Sahel, kuma arewacin Mali ya kama da wuta a 2012. Amma abin da ya dame ni a yau shi ne waɗanda suka zuba ido suna kallo. Tun ana cikin yaƙin, Koriya ta Arewa ta fito ta ce yaudarar Libiya aka yi, aka raba ta da makami sannan aka far mata. Da John Bolton ya ambaci “tsarin Libiya” a 2018 a matsayin abin da ake so Koriya ta bi, saura ƙiris taron Trump da Kim Jong Un ya wargaje. Kim ya je Singafo, ya sha hannu, ya koma gida da bama-bamansa.

Haka Yukren, wadda ta rabu da makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin Budafes na 1994, sai ga Rasha, ɗaya daga cikin masu sa hannu, ta ƙwace Kirimiya a 2014.

To, mu dawo kan Iran. Yarjejeniyar 2015 ta kayyade mata tace yuraniyam zuwa kashi 3.67 cikin ɗari, da ajiyar da ba ta wuce kilo 300 ba, kuma masu binciken hukumar nukiliya ta duniya sun yi ta shaida cewa tana cika sharuɗɗan. Matsin takunkumi ne ya kai ta teburin, babu shakka, amma alkawarin sassauci ne ya sa ta sa hannu. A watan Mayu na 2018 Trump ya fice daga yarjejeniyar. Zuwa 2021 Iran ta kai kashi 60. A watan Yuni na 2025 Isra'ila ta kai mata hari, Amurka ta biyo baya da luguden wuta a Fordo da Natanz da Isfahan.

Bam yana rusa gini da injin, wannan gaskiya ne. Sai dai an taɓa yin irinsa: a 1981 Isra'ila ta ragargaza tashar Osirak ta Iraƙi, Saddam kuwa ya mayar da shirin nasa cikin duhu, ya ƙara masa kuɗi da ma'aikata, duniya ba ta san girmansa ba sai bayan yaƙin 1991. Ina tsoron a maimaita. Kafin hare-haren 2025, masu bincike sun san Iran na da sama da kilo 400 na yuraniyam mai kashi 60, suna auna shi, suna rubutawa. Bayan hare-haren majalisar Iran ta zartar da dokar dakatar da haɗin kai da hukumar, kuma a farkon watan Yuli masu binciken suka tattara kayansu suka bar ƙasar.